Takardar shaidar ƙwarewa kan motsa jikin al'umma: yadda ya kamata a same ta a Zariya

Duk wanda aka auna aka ce masa jininsa ya hau, ko sukari ya yi masa yawa, a babban asibiti ne ko a ƙaramin asibitin unguwa, kafin ya tashi daga kan kujera sai an ce masa ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Maganar gishiri tana isa gida, don uwargida ta san yadda za ta yi da ita. Ta motsa jiki kuwa a bakin ƙofar asibiti take tsayawa. Wane irin motsi, na minti nawa, a ina, da wane lokaci, tare da wa? Likitan da layi ke jira a kan benci ba shi da sararin amsa wannan, kuma ba aikinsa ba ne ya bi mutum Tudun Wada ko Gyallesu ya nemo masa filin da zai taka. Aiki ne da ba a ɗora wa kowa ba. Ra'ayina shi ne Zariya ta horar da masu yin sa, ta ba su takardar shaida, da sharaɗin kada kowa ya karɓe ta sai ya nuna a fili cewa ya tayar da jama'ar wata unguwa sun motsa, kuma sun ɗore.

Wannan ma'aikaci daban yake da kocin ƙwallo, daban da mai horar da mutane a gidan motsa jiki, daban kuma da likitan fisiyo. Koci gwanaye yake nema. Mai gidan motsa jiki yana hidima ga wanda ya riga ya yanke shawara ya kuma biya kuɗi. Likitan fisiyo majiyyaci yake gyarawa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko ya karye. Shi kuwa wannan, abin da ke gabansa mazaɓa ce sukutum: dattijon da ya yi ritaya ya koma zaman daɓe, matar da ba ta fita sai da lalura, direban keke napep da ke wuni a zaune, ɗaliban da aka gina shaguna a kan filin wasansu. Mutum ɗaya-ɗaya ba ya isar sa. Ana auna shi ne da yawan waɗanda da ba sa motsi, yanzu suna yi.

Hujjar wannan aiki ta daɗe da tsayuwa. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan, inda ya ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi da ke zaune fiye da kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, tare da neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin sukari ta metformin, kashi 31 ne. Ga mai hawan jini, tafiya mai sauri a kai a kai tana sauke awon da kimanin lamba 5 zuwa 7. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya, wato mutum kusan biliyan 1.8, ba sa motsin da ya wadatar, kuma a cikin matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 abin ya kai huɗu cikin biyar. Shirin da hukumar ta fitar na 2018 zuwa 2030 yana neman a rage wannan zama da kashi 15 cikin 100.

Za a ce wannan matsalar Turawa ce da masu kuɗi, talaka ai wuni yake cikin wahala. Akwai gaskiya a ciki, kuma ƙwararre na gari ba zai je wa manomin Giwa a tsakiyar damina da maganar tattaki ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa noma, dako, ɗiban ruwa, wanki da tafiya kasuwa a cikin motsin da ake buƙata. Amma a duba yadda rayuwar gari ta sauya. Injin niƙa ya karɓe daka da surfe. Babur da keke napep sun karɓe tafiyar ƙafa, har ta kai mutum na hawa abin hawa daga bakin titi zuwa ƙofar gida. Zariya gari ne na malamai, ɗalibai, ma'aikatan ofis, teloli da 'yan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba. Bincike iri-iri a Najeriya yana nuna kusan uku cikin kowane manya goma suna da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Talakan da ɓarin jikinsa ya shanye shi ne ba shi da kuɗin jinya, don haka shi ya fi kowa buƙatar a tare abin tun bai zo ba.

Akwai irin wannan shaida a waje. Ƙungiyar likitancin wasanni ta Amurka, ACSM, wadda aka kafa a 1954, ta haɗa hannu da wata ƙungiyar masu wannan aiki suka fito da shaida ta musamman mai suna PAPHS. Sharaɗin da suka gindaya da farko shi ne digiri a fannin lafiya, ko digiri a wani fannin tare da awa 1,200 na aiki a fagen. Abin koyi a tsarinsu shi ne ilimin gaɓoɓi da tsoka yanki ɗaya ne kawai na abin da ake nema. Sauran duk haɗin gwiwa da hukumomi ne, tattara bayanai, tsara shiri, da auna ko shirin ya yi amfani. Wanda yake da hali ya nema, zai ƙaru. Sai dai kada matashi ya sayar da fili ya sayi dala don ita yana zaton ta buɗe masa ƙofa. Ba ta ba kowa lasisin taɓa majiyyaci a Najeriya, domin wannan yana hannun hukumomin da doka ta kafa, irin su MRTB ta likitocin fisiyo da hukumar rajistar ma'aikatan lafiya na matakin farko. Kuma an tsara ta ne don ƙasar da ke da lambunan shaƙatawa da hanyar masu tafiya a ƙasa. Ba a gina ta a kan azumi, hunturu, zafin bazara ko zaman mata a cikin gida ba, alhali a kan waɗannan ne shiri ke tashi ko ya faɗi a nan.

To me ya kamata mai riƙe da tamu takardar ya iya?

Na farko ya san awo kamar yadda mai ba da magani ya san nasa. Ƙa'idar 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 kullum. Wanda ya kai 65 a ƙara masa atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don kada ya riƙa faɗuwa. Mai juna biyu da ba ta da wata matsala, minti 150. Haddace wannan ba wuya. Gwanintar ita ce mayar da shi abin da mutum zai gane ba tare da na'ura ba. Matsakaicin motsi shi ne wanda za ka iya magana a cikinsa amma ba za ka iya rera waƙa ba. Idan sai ka ja numfashi bayan kalma biyu ko uku, ka shiga mai tsanani. A tafiya, taku 100 a minti ɗaya ya kai matsakaici, wato taku 3,000 a rabin awa, nisan kilomita biyu da rabi ko kusa da haka. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da 68 kewayensa mita 346 ne, don haka zagaye bakwai ya biya bukatar rana. Wanda ya shekara goma bai yi tafiyar kirki ba, ba a fara masa da wannan. A fara da minti 10, a riƙa ƙara minti 5 zuwa 10 duk mako ɗaya ko biyu. Abin da ya fi kashe ƙungiyoyin tattaki shi ne zumuɗin ranar farko: a kwashi dattawa a yi ta gudu da tsalle, washegari cinya da gwiwa su riƙe, mako na biyu ba wanda ya dawo.

Na biyu ya iya auna jama'a kafin ya taɓa komai. Akwai takardar tambayoyi 16 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, GPAQ, da ke tambaya kan motsi a wurin aiki, a hanya, da lokacin hutu, sannan awa nawa ake yi a zaune. Akwai kuma gajeriyar IPAQ, wadda masu bincike na Jami'ar Maiduguri suka mayar Hausa suka gwada ingancinta a 2011. Lissafin GPAQ mai sauƙi ne: mintunan matsakaicin motsi a ninka da 4, na mai tsanani a ninka da 8, wanda jimillarsa ta mako ba ta kai 600 ba yana cikin marasa isasshen motsi. Ɗauki malamin firamare da ke taka minti 15 zuwa makaranta, 15 dawowa, kwana biyar. Minti 150 ke nan, sau 4, ya ba da 600 cif. Ranar da ya sayi babur, lissafinsa ya koma kusan sifili ba tare da ya lura ya rasa komai ba. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa kare tafiyar da mutane ke yi yanzu ya fi arha a kan ƙirƙiro musu sabuwa.

Wurin cika takardar ne ake yin ɓarna. Mutanenmu ba sa lissafa yininsu da minti, kuma kowa yana son ya faɗi abin da zai faranta wa mai tambaya. Ka tambayi uwargida awa nawa take aiki, ta ce maka tun asuba har dare, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai yawancinsa tsayuwa ne da zama gaban murhu, ba aikin da ke sa numfashi ya ɗaga ba. Mai horo zai bi da ita ta lokutan salla: tsakanin asuba da hantsi me aka yi, wanne ne a ciki ya sa zuciya bugawa, ya kai tsawon dahuwar shinkafa ko bai kai ba. Zai kuma san cewa amsar manomi a watan Agusta ba ita ce amsarsa a watan Fabrairu ba, saboda haka idan ya auna unguwa a rani, a rani zai sake aunawa, in ba haka ba ya ɗauki aikin damina ya ce nasarar shirinsa ce.

Na uku, kuma nan ne rai yake, ya san wanda zai ce wa dakata. Akwai takardar tantancewa ta PAR-Q da aka tsara a Kanada, mai tambaya kan ciwon ƙirji, jiri, suma, ciwon zuciya da magungunan da mutum ke sha. Dole ya iya awon jini daidai: mutum ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, a auna sau biyu, kuma da maɗaurin da ya dace da kaurin damtse, don ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara lamba. Daga 140 bisa 90 a tura mutum asibiti, amma yana iya tafiyarsa. Wanda ya kai 180 bisa 110, asibiti tukuna kafin fili. Mai shan maganin hawan jini na atenolol bugun zuciyarsa ba ya hawa yadda aka saba, don haka lissafin da ake yi na cire shekarun mutum daga 220 don sanin iyakar bugun zuciya ba ya aiki a kansa, sai a koma gwajin magana. Mai shan ƙwayar sa fitsari yana saurin bushewa. Mai allurar insulin ko mai shan maganin sukari na glibenclamide sukarinsa na iya faɗuwa ana cikin tafiya. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi da ruɗewa, awon sukarin kuma ƙasa da 70. Maganinsa giram 15 na sukari, kimanin cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa. A duba ƙafar mai ciwon sukari da cikin takalminsa kafin tafiya da bayanta, domin wanda jijiyar ƙafarsa ta mutu tsakuwa na iya huda shi bai ji ba, daga nan gyambo ya fara. Mai sikila a kiyaye shi daga motsi mai tsanani, ƙishirwa da sanyin asuba. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yana ɗaga nauyi, kada kuma ya tsaya cak bayan tafiya mai sauri, ya sassauta na minti biyar don jiri. Idan wani ya faɗi ba numfashi, ma'aikacin ya iya danna ƙirji: sau 30, hura iska 2, saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ban ga dalilin ba mutum takarda ba in bai yi wannan da hannunsa a gaban mai jarrabawa ba. Iyakarsa kuma a bayyane take: ba ya rubuta magani, ba ya cewa a daina magani, ba ya yi wa majiyyaci gashi.

Yanayin garin nan ma darasi ne mai zaman kansa. Daga Maris zuwa Mayu, tsakanin hantsi da la'asar ba lokacin tara mutane a fili ba ne. Bayan sallar asuba ko la'asar sakaliya ya fi, da ruwan sha a wurin. A hunturu, ranar da hazo ya yi kauri mai asma ya yi nasa a ɗaki, sauran a jinkirta musu har rana ta ɗan ɗaga. A damina fili na iya zama taɓo, sai an tanadi baranda ko zaure tun kafin ruwa ya sauka. Watan azumi shi ne inda shirye-shirye suka fi mutuwa, domin ana dakatarwa da niyyar a dawo bayan salla, ba a dawowa. Gara a rage a kan a tsaya: tafiya mai sauƙi bayan buɗa-baki ko bayan asham, a zaɓi masallaci mai ɗan nisa a taka. Mai ciwon sukari da ke azumi, likitansa ne zai tsara masa.

Batun mata shi ne ma'aunin da zan fi duba shiri da shi. Namiji yana da masallaci sau biyar, yana da kasuwa, yana da filin ƙwallo. Matar aure a cikin birni mai yiwuwa tafiyarta ta yini ba ta wuce tsakanin ɗaki, madafi da bakin rijiya ba, ga haihuwa a kai a kai, ga ciwon gwiwa da ƙiba tun ba ta kai arba'in ba. Duk shirin da ya ce ta sa kayan wasanni ta fito titi ya mutu tun a takarda. Abin da ke yiwuwa shi ne mace ta jagoranci mata, a inda suka riga suke haɗuwa: makarantar Islamiyya ta matan aure, ranar awon ciki da rigakafi, taron adashi, zumuntar mata a coci-cocin Wusasa da Sabon Gari. Minti 20 kafin a tashi daga karatu ya isa farawa. Tashi da zama daga kujera sau 10, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. Tura bango da hannu. Ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, wadda nauyinta kilo ɗaya da rabi ne. Kai-komo a tsakar gida da sauri. Gaɗa da tafi, waɗanda iyayenmu mata suka tashi da su, motsi ne cikakke. Kafin duk wannan sai an zauna da mai unguwa, da liman, da mazajen, an yi musu bayani da girmamawa. Malamai sun san hadisin tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha, kuma jin haka daga bakin limamin unguwa ya fi fosta ɗari. Saboda wannan nake ganin rabin waɗanda za a horar dole su kasance mata.

Sai fili da hanya. Ba a cewa mutum ya yi tafiya a titin da kwata ke buɗe, 'yan tireda sun cinye gefensa, babura na bin kowane ɓangare. Ya kamata ɗalibi ya iya ɗaukar kilomita ɗaya na titi, a ce a Kwangila ko PZ ko Ƙofar Doka, ya bi shi da ƙafa da takarda a hannu: ramuka nawa, ina ake tsallakawa, akwai fitila, akwai inuwa, yaro ɗan firamare zai iya bi shi kaɗai? Ya rubuta rahoto shafi biyu da kansila da injiniyan ƙaramar hukuma za su iya karantawa, mai ɗauke da gyara uku mafi arha. Garin da ke da cibiyar nazarin sufuri ta ƙasa, NITT, bai rasa masu koyar da wannan ba. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 yake rufe wasu tituna ga motoci ranar Lahadi, yanzu sun haura kilomita 100, jama'a na tafiya da hawan keke. Mu abin da ya fi kusa da hannunmu filayen makarantu ne, waɗanda ke kulle daga la'asar zuwa safiya da duk ranakun hutu. Buɗe su na buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da hedimasta da kwamitin makaranta: wa ke riƙe makulli, ƙarfe nawa ake fita kafin ɗalibai su iso, wa ke shara, wace rana ce ta mata zalla, wa zai biya in an fasa taga. Rashin rubuta waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa a rufe ƙofa bayan saɓani na farko. A cikin makarantar kuma, a tsare darasin motsa jiki da lafiya, PHE, kada ya zama lokacin kwafar rubutu a allo, a dawo da langa, tsallen igiya da 'yar gala-gala, waɗanda ba sa cin ko sisi.

Ina da ƙorafi a kan abin da aka fi kira wayar da kai: tattakin rana ɗaya, da riguna da huluna masu tambari, da jawabi, da hoto. Ba ya sauya awon jinin kowa. Mai takardar gaske rajista yake riƙewa. Mutum nawa aka gayyata, nawa suka zo, su wane ne ba su zo ba kuma me ya hana su, nawa suka rage a mako na 4, na 8 da na 12. Ya auna jini da kewayen ƙugu a farko da ƙarshe. Ga dattawa ya ƙirga sau nawa suke tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30. Idan arba'in suka fara, goma sha biyu suka rage, ya rubuta haka, ya bi sauran gida ya ji dalili. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: lokacin ya ci karo da kai yara makaranta, ko babu makewayi a filin.

Wa zai ba da takardar? Kayan aikin duk suna nan. Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafuwarta a 1962 take tara masana, tana da sashen ilimin motsa jiki da lafiya a Tsangayar Ilimi, tana da sashen lafiyar al'umma, ga asibitin koyarwa a Shika. Tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, FCE, ta daɗe tana yaye malaman PHE. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin shaidar sana'a na NSQ, wanda ake auna mutum da aikin da ya yi a gaban mai tantancewa. Matsalar ita ce masu ilimin motsa jiki suna gefe guda, masu lafiyar al'umma suna wani gefen, kowa ya riƙe rabin abin. Shawarata a haɗa su a kwas ɗaya na wata shida, a ɗora shi a kan waɗanda suka riga suke da tushe: ma'aikatan lafiya na CHEW da CHO, nas-nas, malaman PHE, da masu digirin fannin da ke zaune ba aiki. Wata uku na farko aji da gwaji, inda ma'aikacin lafiya zai cike giɓinsa na ilimin motsi, malamin PHE ya cike nasa na awon jini da tattara bayanai. Wata uku na biyu kowa ya ɗauki rukuni a mazaɓarsa ya tafiyar da shi mako 12. Rubutacciyar jarrabawa ta ɗauki kashi 40, aikin fili kashi 60, kuma mai tantancewa ya je ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga mutane da idonsa ya gwada da rajista. Wanda ya faɗi a tantance masu haɗari ko taimakon gaggawa ya faɗi duka, komai yawan makinsa. Takardar da aka samu da zaman otal na kwana uku daidai take da lasisin tuƙi a hannun wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma damuwarsu tana da tushe: ƙasar nan ta cika da takardu, kowace da kuɗin fom da kuɗin sabuntawa, matasa na tarawa ba aikin yi. Idan wannan ma haka za ta zama, gara a bar ta. Abin da zai raba ta da sauran shi ne a ɗaura ta da aiki tun kafin a yaye kowa. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma tsarin lafiya na matakin farko a kan mazaɓa aka gina shi, kowace da kwamitin ci gabanta. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ko sabon ofis ba. A rubuta aikin a cikin jadawalin ma'aikacin da ke wurin, a ware masa safiya biyu a mako, a ba shi na'urar awon jini, tef ɗin awo, rajista da ɗan alawus na zirga-zirga. A buga ƙaramar takardar turawa, yadda mai duba marasa lafiya zai rubuta sunan mai hawan jini ya aika shi ga rukunin unguwarsu, ma'aikacin kuma ya mayar da rahoto bayan wata uku. Masu cewa zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi gaggawa ba su yi kuskure ba, amma safiya biyu ba za ta hana rigakafi ba, kuma gadon da mai shanyewar ɓarin jiki ya kwanta a kai wata da watanni daga kasafin lafiya ɗaya ake biyan sa.

Takardar ta riƙa ƙarewa bayan shekara uku, kamar yadda ACSM ke yi da nata, kuma sabuntawa ta kasance da rajistar aikin da aka yi da sake gwajin taimakon gaggawa. A ajiye sunayen masu ita inda kowa zai iya dubawa, a kuma karɓe ta daga duk wanda aka kama yana sayar da maganin rage ƙiba ko shayin wanke ciki da sunanta, domin wannan ita ce ɓarakar da za ta fara bayyana. Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13, Sabon Gari 11. Mace ɗaya da namiji ɗaya daga kowace, mutum 48 ke nan, aji guda. Da su za a fara, a ga rajistarsu bayan mako 12 kafin a ɗauki rukuni na biyu.